Mangwaron da Ya Kwana a Gadon Kilishi

Tun da na dawo daga Njamena ban sha ruwa da daɗi ba. In na fita sayen gishiri a tare ni a hanya, in na je barka a bar mai jego a kewaye ni. Har a gidan gaisuwar mutuwa wata ta matso tana yi mini raɗa, "Hajara, wai da gaske an saye kayan naki kaf?" Wata ta ji an ce an ƙwace su a hanya, wata ta ji an ce kogi ya tafi da su. To, na gaji da maimaitawa. Zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta sake tambayata sai ta saya mini goro.

Ga wadda ba ta san gidanmu ba, mu mahauta ne. A Garwa aka haife mu, kakanmu ne ya zo daga wajen Kano da wuƙarsa. Bayan gidan akwai filin shanya inda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi kilishi har ƙarfinsa ya ƙare, yanzu kuma yayana Hamma Sale ke riƙe da shi. Da maigidana ya rasu na dawo gida da yara, na ga ba zan iya zaman jiran a miƙo mini ba. Duk bazara ina kallon mangwaro yana ruɓewa a ƙasa har awaki su gaji su bar shi, sai na ce zan riƙa yanka shi falle-falle ina busarwa, in ɗaure a leda in sayar lokacin da babu. Hamma Sale ya saurare ni har na kai aya, ya ce, "Wato kilishin mangwaro za ki yi mana." Ma'aikatansa suka yi ta dariya. Duk da haka ya yanka mini kusurwa ɗaya ta filin, amma da sharaɗi: bazara ɗaya ya ba ni. In na samu mai saye tsayayye wurin ya zama nawa, in ban samu ba nama ya koma wurinsa, ni kuma in koma ɗaki.

Wadda ba ta yi sana'ar mangwaro ba gani take abin banza ne da ke zuba ko'ina. A Bibemi nake saye, kuma can ba da kwando ake ciniki ba, bishiya guda ake saye tun tana fure. Ki biya, ki koma gida kina addu'a. In iska ta kaɗe furen, asararki ce. In jemagu suka yi biki a kai, asararki ce. In kin yanka kin tarar tsutsa ta riga ki shiga, ke dai ce. Ga kuma al'adar wurin: abin da ke sama na mai saye ne, abin da ya faɗo ƙasa na duk wanda ya tsinta. Ban taɓa ganin iska irin wadda ke kaɗa bishiyoyin da na saya ba, don ta maƙwabta ko ganye ba ya motsi, tawa kuwa sai ruwan mangwaro. Wanda Allah ya sa ya tsira kuma ba ya nuna bi da bi, gaba ɗaya yake nuna, ko ki bi shi da gudu ko ya ruɓe.

Abin da ya jawo ɓarnar ke nan. Mota ta sauke mangwaro fiye da abin da ragogina na waya za su ɗauka, matan da ke taya ni yanka sun cika robobi, ni kuma na koma Bibemi kwaso saura. Hamma Sale ya ga yankakken mangwaro zai lalace a roba, tausayi ya kama shi. Ya sa aka kwashe nama daga gadajen Baba aka shimfiɗa kayana a kai. Gadajen nan na gwangwala ne, sun girme ɗana na fari nesa ba kusa ba. Sun sha mai, sun sha hayaƙi, sun sha labu, kwaɓin tunkuza da yajin nan da ake tsoma kilishi a ciki, har sun koma baƙi ƙirin suna ƙyalli. Ranar Garwa kuwa kun san ta. Kafin in dawo ta narkar da man shekara da shekaru ta ɗura shi cikin mangwarona.

Na ɗauki falle ɗaya na shinshina, na ji citta da albasa da kanumfari da ƙaurin nama. Abin da na gaya wa Hamma Sale a gaban ma'aikatansa ba zan maimaita shi duka ba, don wataƙila wasunku na da alwala. Na dai ce gadajen nan ƙazanta ce muka gada, ko kare ya kwanta a kai sai ya nemi wanka, kuma da gangan ya yi don ya karɓe kusurwarsa. Ya goge wuƙarsa ya shiga gida, daga ranar kuma gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma a tsaye.

Ana cikin haka sai Falmata, matar ɗan'uwanmu da ke Kuseri, ta haɗa ni a waya da wata Madam Zenaba mai babban kanti a Njamena, inda ma'aikatan ofis da Turawa ke sayayya. Ta ce in kawo ta gani da idonta. Na ɗaure mai kyau a ledoji na jera a kwalaye, gurɓataccen kuma na cusa a buhu zan zuba wa awaki. Sai ga Goggo Dudu ta shigo.

Goggo Dudu ƙanwar Baba ce. Ta yi fataucin atamfa da turare zuwa Kuseri tun ina goye, kuma tun da ta ji zancen tafiyar ta naɗa kanta 'yar rakiya ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta dafa buhun ta ce, "Ina za ki da wannan?"

"Awaki zan ba, Goggo."

"Awakin gida sun ƙoshi, na hanya ke jin yunwa. Ke yarinya ce, ba ki san hanyar Kuseri baki gare ta ba. Duk inda aka tsaya sai an ce me ke cikin kwali, in an buɗe kuma sai an ɗanɗana. Ki riƙa ba su wannan, na kirki ya isa lafiya."

Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta yamutsa fuska ta ce, "A'uzubillahi. Wannan kam sai baƙo."

Da safe muka shiga motar ajans, wato bas ɗin kamfanin sufuri, ta Marwa. Farkon damina ne, hadari na ta kai da kawo. Sai da na yi faɗa da masu lodi kafin mu tashi, don sun so su ɗora buhun busasshen kifi a kan kwalayena, ni da nake gudun wari ɗaya. Kwalaye suka hau sama ƙarƙashin tampol, buhun ɓarna kuma ya zauna tsakanin ƙafafun Goggo. Kusa da mu akwai wani malamin makaranta ɗan kudu da aka mayar Mora, yana ta fifita da littafi yana kukan zafi. Goggo ta miƙa masa falle ɗaya. Ya tauna, ya tambaya da Faransanci wai wannan nama ne ko ɗan itace. Goggo, da Faransancinta bai wuce na ciniki ba, ta ce masa, "Wi," wato e. Ya miƙo hannu a ƙara masa.

Shingen farko bayan garin Fitowa muka tarar. Wani mai kaki ya leƙo, ya duba katin shaidar kowa, ya ɗaga kai sama ya ce, "Kwalayen nan na wane ne?" Kafin in buɗe baki Goggo ta riga ni da gaisuwar Fulatanci. "Jam na, ɗana? Sannu da rana. Kayan marmari ne na marayu, ga shi ka sa albarka." Ta cika masa hannu daga buhu. Ya jefa ɗaya a baki, ya tsaya cak yana kallon Goggo, sannan ya ɗaga wa direba hannu. Kwali ko ɗaya ba a taɓa ba. Na ce a raina lallai tsohuwar nan ta san hanya.

A Figil muka tsaya shan ruwa. Garin nan komai nasa fari ne saboda ƙurar siminti da farar ƙasa: bishiyoyi fari, rufin gidaje fari, awaki ma kamar sun yi furfura. Ni 'yar mahauta ce, duk garin da na shiga nama nake fara dubawa, kuma na mutanen Figil sai an hure shi kafin a yi ciniki. Ina tsaye ina yi wa wani mai tsire wannan tsiya sai na ji ƙarar babur, na waiwaya na ga mai kakin nan na Fitowa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, cikinsa ya ɓaci ya biyo mu. Ya sauka ya cire hula, ya durƙusa gaban Goggo ya ce, "Dada, matata na da juna biyu, ba abin da ke zama a cikinta. A taimaka mini da ɗan abin nan in kai mata." Goggo ta ƙulla masa a leda ta haɗa da addu'ar sauka lafiya. Na ce mata, "Kin ga mutane da abin kyauta? Ko toka ce sai sun biyo ta a babur." Ta ce haka duniya take, bakinta kuwa yana ɗan motsi, na ɗauka goro ne.

Da la'asar muka shiga Marwa, muka sauka a gidan Kawu Iliya, ƙanen mahaifiyarmu mai sana'ar fata. Mu a Garwa muna ganin mun iya gaisuwa, amma mutanen Marwa sai sun tambayi gida da gajiya da zafi da yara da dabbobi, su huta, su sake daga farko, ruwan da aka kawo miki yana nan a hannun mai kawowa. Suna gaisuwar idanunsu na kan kwalaye. Kun dai san baƙon da ya sauka da kaya ba ya tashi bai bar tsaraba ba. Goggo ta sa aka jera kwalayen a lungu ta shimfiɗa darduma a kai ta zauna, kamar kaza a kan ƙwai, sannan ta kwance bakin buhu ta ce a kawo faranti. Kafin a kawo mana tuwo da miyar yakuwa farantin ya koma sau nawa ban sani ba.

Kawu Iliya shi ma ya ɗauki ɗaya don kada a ce ya raina. Ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage masa, sai na ga ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Hajara, wa ya kwaɓa labun nan?"

Na ce, "Ba labu ba ne, Kawu, tsautsayi ne."

"A'a. Wannan hannun marigayi ne. Ni na ci kilishin ubanki tun kafin a ba shi uwarki. Shi kaɗai ke sa masoro haka."

Ya yi wa Baba addu'a muka shafa. Raina ya ɗan sosu, amma hankalina na kan hadarin da ke haɗuwa a gabas, na tashi na je na duba ko ɗakin na yoyo.

Daga Marwa zuwa Mora lafiya lau, a nan malamin makarantar, da muka sake haɗuwa da shi a tashar Marwa, ya sauka da ƙullinsa a aljihu. Daga Mora kuwa ba a wucewa kai tsaye saboda fitinar da kuka sani, sai motoci sun taru sojoji sun yi rakiya. Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Motar da tun safe ake musu da dariya a cikinta ta yi tsit, kowa na kallon daji ta taga, ba abin da ake ji sai ƙwayar carbin Goggo. Na tuna yarana, na tambayi kaina me ya fito da ni saboda mangwaro.

Hanyar kuma ta mutu, jana'izarta ce kawai ba a yi ba. Kusa da Dabanga ruwa ya sauko, baƙar lakar wurin ta kama tayoyi ta ƙi saki. Aka ce kowa ya sauka, a sauke kaya mota ta yi sauƙi. Ina ji ina gani aka dire kwalayena a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na cire mayafina na rufa musu, na ƙwace lemar Goggo na kafa a kai, na tsaya ruwa na dukana, mata na cewa wannan baiwar Allah ko jariri ne a kwalin. Maza suka yi ta turi har rana ta karkata, babu gari kusa, babu mai talla, yara suka fara kukan yunwa. Goggo ta dube ni, na dube ta, ta ja buhu tsakiyar hanya ta ce, "Bismillah, jama'a." Direba ya ci, masu turi suka ci da laka a hannu, sojojin rakiya ma aka miƙa musu. Wani Bashuwa dillalin shanu ya zo ya ce in sayar masa da abin da ya rage gaba ɗaya. Na ce, "Malam, yunwa ce ke maka ciniki, in ka ƙoshi za ka neme ni da rigima." Na cika masa aljihu kyauta, ina jin daɗin buhun ya yi sauƙi.

Kuseri gari ne da mutum ɗaya zai fara miki magana da Larabci, ya bi ta Barbarci, ya ratsa Fulatanci, ya ƙare da Hausa, duk a kan kuɗin babur. Sauronsu kuma ba ya jiran magariba. Falmata ta tarbe mu da kisar, wata 'yar siririyar waina mai tsami da ake naɗewa a tsoma a miya, da kifin kogin Logon wanda ban taɓa cin mai daɗinsa ba, Allah ya ba kogin Binuwai namu na Garwa haƙuri. Goggo ta zazzage ƙarshen buhun a tire ta ba mutanen gida, ta karkaɗe shi ta ce ya gama aikinsa, a ba awaki buhun su lasa. Da gari ya waye na buɗe kwalaye. Danshi ya shiga na ƙasa, wasu sun manne da juna, launinsu ya dushe. Muka zauna ni da Falmata muka tsince masu kyan gani muka sa a sama.

Tsakanin Kuseri da Njamena gada ce kawai, amma gadar nan kasuwa ce mai tafiya. Babura ɗauke da buhunan sukari da katifu da mutane a saman katifun, masu kura, masu ƙafa, kowa na ihu a ba shi hanya. Muka nuna katin shaida da na allura a wannan gefe, muka sake nunawa a wancan. Larabcin Goggo ya tashi daga barci, sai dai abin da ya rage mata rabi ciniki ne rabi zagi, dole na riƙa taka mata ƙafa. Wani jami'i ya nuna kwali ya ce, "Da shunu?" wato mene ne wannan. Buhu ya ƙare, babu yadda na iya, na farke leda ɗaya ta mai kyau na miƙa masa. Ya ɗauki falle ɗaya ya ci, ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya miƙo mini sauran.

Na tsaya riƙe da ledar. Tun daga Fitowa ba wanda ya taɓa mayar mana da saura. A nan ne na fara zargin wani abu, amma na ce wataƙila mutumin mai kunya ne.

Njamena na gan ta ne daga bayan babur, ina rungume da kwali. Maza sun naɗe kai da fuska da rawani sai idanu, mata cikin lafaya suna tafe kamar ba su da gaggawar komai. Duk gindin bishiya da mai shayi, duk inda aka kewaye tire kuma in kin gifta sai an ce "Faddal", wato bismillah, ko ba a taɓa ganinki ba. Wannan hali nasu ya burge ni. Abin da bai burge ni ba mahautansu: na ga ana saran naman raƙumi da gatari kamar ana faskare. Da Baba ya ga haka da ya zauna ya yi kuka.

Kantin Madam Zenaba sanyi ƙalau kamar cikin randa. Mace ce doguwa mai zoben zinariya a hanci, tana jin Hausa don kakarta Bahausa ce. A can ba a fara zancen kaya sai an sha shayi, ja wur, sukari har yana kama leɓe. Ina kurɓa ina waige-waige, sai idona ya faɗa kan wata kanta. Daga sama har ƙasa busasshen mangwaro ne, rawaya shar, kowane falle kamar ɗan'uwansa, a cikin leda mai ƙyalli da hoton bishiya. Na ajiye kofin shayin.

Ta buɗe nawa ta ci, ta ce, "Yana da kyau, 'yar'uwa. Da tsabta, da zaƙi." Sai ta nuna kantar da haɓa. "Wancan daga Burkina yake zuwa. Injin ke busar musu, damina da rani ba sa fashi, kuma ko da kuɗin mota ya fi naki sauƙi. Ke in na ce ki kawo mini ana tsakiyar ruwa, za ki iya?"

Na ce, "Sai bazara, Madam."

"In iska ta kaɗe fure fa?"

Ashe har Njamena an san iskar Bibemi.

"Kin gani. Mai saye in ya zo sau biyu bai samu ba ya manta da ke. Kuma in na jera naki kusa da wancan, ido zai fara ci kafin baki. Ki yi haƙuri."

Ban ji haushinta ba, don gaskiya ta faɗa. Kusurwata kawai na gani a idona, an kwashe ragogina an shimfiɗa nama, ni kuma ina ɗaki ina jiran a miƙo. Na fara mayar da ledoji cikin kwali ina ƙoƙarin kada hawaye ya zubo a gaban mutane. Sai Madam Zenaba ta ɗaga hanci ta ce, "Wa ke cin nama a kantina?"

Muka waiwaya. Goggo Dudu na zaune a kan kujera a lungu, ta juya mana baya, muƙamuƙinta na aiki. Na ce, "Goggo, me kike ci?" Ta ce goro. Na ce goro ba ya ƙamshin albasa. Da ƙyar ta kwance bakin zaninta, sai ga 'yan falle na gurɓataccen mangwaron nan, wanda ta ce sai baƙo. Ashe tun daga Garwa take ɗiba tana ɓoyewa, duk hannu biyu da ta ba mutanen hanya na uku nata ne.

Madam Zenaba ta ɗauki ɗaya ta ci. Ta kurɓi shayi, ta ɗauki na biyu. Ta kira mijinta daga ciki da Larabci, shi ma ya ci, suka yi ta magana da sauri har da hannu. Goggo na bin kowane falle da ido kamar ana zare mata haƙori.

"Wannan fa?" in ji Madam Zenaba. "Me ya sa kika ɓoye shi kika nuna mini wancan?"

Na ce, "Ɓarna ce, Madam. A gadon kilishi ya kwana."

"To, ɓarnar nake so. Zaƙi kowa na da shi, Burkina ta ishe ni. Wannan babu shi a ko'ina, kuma wanda babu irinsa ana jiransa har bazara. Duk abin da kike da shi ki kawo, bana da baɗi. Ina sauran?"

Na ce, "Yana cikin jama'a, daga Fitowa zuwa Kuseri."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na tuna Bashuwan nan da na kora da ciniki a hannunsa.

Da muka koma Kuseri na ce ai dabara ba ta ƙare ba. Na sayi yaji a kasuwa, na barbaɗa wa mai kyan, na shafa masa ɗan man gyaɗa, na aika mata a babur. Ba a jima ba ta kira ta ce, "Wannan mangwaro ne da yaji, 'yar'uwa. Ni wancan nake so." Goggo ta ɗanɗana ta tofar, ta ce a wannan karon da gaske take. Sirrin yana jikin gwangwalar Baba, ba a kasuwa ba. Kwalayen na bar wa Falmata ta riƙa sayarwa a hankali a ƙofar gida.

Dawowa ban ga hanya ba, don ina ta tsara yadda zan shawo kan Hamma Sale ba tare da na zubar da girmana duka ba. Na saya masa farin rawani irin na mutanen can. Na shirya zan ce masa na samu mai saye tsayayye, kusurwa ta zama tawa, kuma baɗi in Allah ya kai mu ina son aron gadajen Baba duka, shi ya yi haƙuri ya koma kan ragogina. Har na ji daɗin yadda fuskarsa za ta yi.

Muka iso da hantsi. Ban ko shiga ɗaki ba na zarce filin shanya da rawani a hannu. Na tarar da gadaje a jere, sababbi fil, farare tas, suna ƙamshin ɗanyen itace. A gefen katanga kuma ga baƙin tabo a ƙasa inda aka hura babbar wuta.

Hamma Sale ya taso yana goge hannu, yana murmushin da rabona da gani tun kafin faɗanmu. Ya ce, "Sannu da hanya, Hajara. Kin gani? Washegarin tafiyarki na ƙone su. Na yi tunani na ga gaskiyarki, sun tsufa, kuma na ɓata miki kaya. Yanzu ko kin shanya a kan waɗannan ba abin da zai taɓa shi. Zancen bazara ɗaya kuma ki bar shi. Wurin naki ne, ko an saya ko ba a saya ba."

Goggo ce ta zauna daɓas a kan turmi ta fara dariya, tana yi tana tari, tana ba shi labari tun daga mai kakin Fitowa har zoben hancin Madam Zenaba. Ina kallon murmushin Hamma Sale yana raguwa har ya ƙare. Ya dubi tabon wutar, ya dubi sababbin gadajensa, ya ce, "Waɗannan kafin su yi baƙi irin na Baba sai jikokinki."

Ya juya ya shiga gida. Na ɗauka fushin ne ya dawo, sai ga shi ya fito da wani abu naɗe a tsumma. Guntun gwangwala ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, baƙi ƙirin, gefe ɗaya ya ƙone. Ya ce, "Da wutar ta kama na kasa jurewa. Na zaro wannan, don nan ne Baba yake ajiye wuƙarsa, ga shaidar nan." Ya miƙo mini. "Ungo. Ki shanya wa matar Njamena."

Na miƙa masa rawanin, na karɓi guntun na kai hanci. Ban ji mangwaro ba, ban ji kasuwa ba, rigar Baba na ji in ya dawo da yamma ya ɗauke ni. Kukan da na riƙe a kantin Madam Zenaba ya zo gaba ɗaya, na rungume guntun itacen ina yi, Hamma Sale na tsaye da rawaninsa a hannu ya rasa inda zai sa ido.

Goggo Dudu ta share nata hawayen da bakin zani ta ce, "Ke, ɗaga shi sama. Kada ki jiƙa mana shi, danshi ke ɓata kaya."